Na Dafa Kan Tilly, Emil

Wanda ya ba da rai ya karɓi abinsa, kuma babu mai ja da shi. A safiyar Talata, 9 ga watan Satumba, Emil Kovarik na garin Ord a jihar Nebraska ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. A cikin makiyayarsa ajali ya same shi, da usur a wuya da hularsa ruwan goro a kai. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. An binne shi ranar Asabar a bayan cocin da aka ɗaura aurensu da Arlene.

'Yan ƙungiyarmu ta masu karnukan farauta sun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, tunda na fi kowa daɗewa ina binsa fili. Wata guda ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Na kasa yin magana a kanka kamar wani baƙo, Emil, don haka da kai zan yi ta. Akwai kuma abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce, wanda ya hana ni zaune ya hana ni tsaye, kuma na fi so ka ji shi daga bakina.

Lokacin da na fara zuwa wurinka, shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, dariya ake yi wa masu irin karnukanmu na Labrado. Masu karnukan nuni na asali, waɗanda ke ƙamewa su nuna wa maharbi inda tsuntsu ya ɓuya, cewa suke yi Labrado ɗan aike ne kawai, a harbo agwagwa ya faɗa ruwa ya ɗauko, ina shi ina ƙamewa a gaban tsuntsu? Kai ba ka taɓa yin musu da su ba. Sai dai ka saki naka a cikin ciyawa, ya yi ta shinshina har ya kafe wuri ɗaya, hanci a miƙe, jela a sandare, sannan ka juyo ka tambayi mai dariyar ko zai sha kofi.

Ranar farko na zo da wani kare mai rawar kai, Rusty, ni kuma na fi shi. Ya yi dama in busa usur, ya yi hagu in busa, har kare ya rasa ni zai saurara ko hancinsa. Ka bar ni na yi ta yi. Can ka tako a hankali, ka zare usur ɗin daga bakina, ka cusa mini burodin kolace na Arlene mai kwaɓin 'ya'yan itace a tsakiya, ka ce, "Riƙe wannan a nan, 'yar nan. Shi ke da hanci, ke baki kawai gare ki." Na ji haushi ƙwarai, wallahi har na yi niyyar ba zan dawo ba. Kafin in gama taunawa Rusty ya ƙame a kan makwarwarsa ta farko.

Haka kake da kowa. Ka kiwata makwarwa a rumbunka, duk wanda ya zo da sabon kwikwiyo ka ba shi ya koyar, ba ka taɓa tambayar komai ba. Ƙofar makiyayarka da tafkinka ba su san kwaɗo ba. In kare ya yi kuskure, mai karen kake kallo, kuma kallon nan ya fi zagi ciwo. Ba ka da saurin yabo, kana da taurin kai kamar gungumen shinge, kuma labarin farautarka ta Dakota mun ji shi har mun haddace, tsuntsayen cikinsa suna ƙaruwa kowace shekara. Duk da haka da wuya a sami wani a ƙungiyar nan da ya karɓi ƙyallen cin gwaji ba tare da ya bi ta bayan a-kori-kurarka ya sha kofi da faɗa ba.

Bara a gwajin bazara, karyarka Tilly na gab da kammala kambun Babban Gwani, wanda babu na sama da shi a wurinmu. Ci ɗaya ya rage mata. Ana shirin kiran lambarka sai karen Gordon Tietjen ya yanke jiki ya faɗi saboda zafi. Gordon, abokin hamayyarka na shekaru, ya tsaya ya rasa abin yi. Kai ka sunkuci karen ka tsoma shi a tafki, ka saka shi a motarka, ka nufi asibitin dabbobi. Aka kira lambarka, aka sake kira, babu kai, aka wuce. Karen Gordon ya rayu. Da na yi maka mita a kan damar da ka zubar, sai ka ce kambu ba ya numfashi, kuma akwai baɗi.

Ni na same ku ranar Talatar nan. Mun yi da kai za mu haɗu da safe mu shirya Tilly don gwajin Oktoba. Na tarar da motarka a bakin ƙofa, kofinka a kan bonet ya huce. Na hango Tilly can cikin doguwar ciyawa ta ƙame, na ce a raina tsohon nan ya fara ban da ni. Na tsaya ina jira in ga ka zagayo ta hagunta kamar yadda ka saba, don ka tashi tsuntsun. Shiru. Da na ƙarasa sai na gan ka kwance a bayanta kaɗan, fuskarka a ƙasa.

Makwarwar ta daɗe da sulalewa, amma Tilly na nan a tsaye, jikinta gaba ɗaya yana kakkarwa, harshenta ya bushe. Kai ka koya mata cewa in ta ƙame ba ta motsi sai mai ita ya zo ya tashi tsuntsu ya sallame ta, ita kuwa ba ta taɓa saɓa maka ba. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ta yi a haka, tana jin ka faɗi a bayanta tana jiran ka taso. Na kira ta, na roƙe ta, ko kunne ba ta kaɗa ba. Sai ɗaukarta na yi cak na kai mota kafin motar asibiti ta iso.

Bayan jana'iza, ana cin abinci a zauren coci, Arlene ta damƙa mini igiyar Tilly. Ta ce shekara huɗu tana jin zancen kambun nan safe da yamma a kan teburinta, har ta kan ce maka ka je ka auri karyar mana a huta. Ta ce yanzu ba za ta iya zama ta ga ka tafi da abin a rataye ba, in kai Tilly gwajin. Dukanmu mun san shi ne na ƙarshe. Tilly ta kai shekara tara, ƙugunta ya fara ciwo, likitanta ya riga ya faɗa maka bayan wannan kakar sai hutu. Na karɓi igiyar na ce zan kai ta.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. A ruwa Tilly ba ta da matsala, ta faɗa ta ɗauko agwagwa ta kawo har hannu kamar kana nan. A ciyawa ma tana nemo tsuntsu, tana ƙamewa. Amma da zarar ta ji taku a bayanta sai kakkarwar nan ta dawo. Babu abin da ban gwada ba. Na ari jaket ɗinka a wurin Arlene na saka, na rataya usur ɗinka, na riƙa zagayowa ta hagu, har tafiyarka ta ɗingishi na kwaikwaya, abin kunya. Na sauya fili, na sauya lokaci, na bar ta kwana biyu na sake dawowa. Duk karen da ya rikice a ƙungiyar nan wurinka ake kai shi, yau ga taka ta rikice ba ka nan. Sau da yawa ina tuƙi ina yi maka faɗa a fili, mutane a kan hanya suna kallona.

Asabar muka je filin gwaji na bakin kogin Platte. Gordon na cikin alƙalan, ya gaishe ni bai iya haɗa ido da ni ba. Da safe aka yi na ruwa, Tilly ta yi aikin da ya sa 'yan kallo suka yi tsit. Da rana aka kira mu ciyawa. Na cire mata igiya, kuma kowa ya san dokar: daga lokacin da igiya ta fita har a gama, mai kare bai isa ya taɓa karensa ba, ko da ɗan yatsa. Wanda ya taɓa ya faɗi.

Ta shiga iska, ta yi zagaye biyu, ta kafe. Emil, da ka ga tsayuwar nan da ka cire hula. Alƙalai suka bar ta ta riƙe yadda ake so, Gordon ya ce in je in tashi tsuntsuna. Mai bindiga ya gyara tsayuwa. Abin da ya rage kaɗan ne: in wuce ta, in shuri ciyawa, tsuntsu ya tashi, a harbe shi, in kira sunanta ta ɗauko. Na zagayo ta hagu, na zo daidai kafaɗarta, na dube ta.

Jikinta na ɓari kamar mai zazzaɓi. Hancinta na kan tsuntsu, amma idonta ba ya can. Ta juyo da ƙwayar idon baya iya yadda za ta iya ba tare da ta motsa kai ba, kuma ba mutum a tsaye take nema ba, ƙasa take kallo, bayanta. Wani ɗan sauti na fita daga maƙogwaronta wanda ban taɓa ji a bakin kare ba. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na durƙusa na ɗora hannuna a kanta, na ce mata shi ke nan, ya isa.

Gordon ya cire hularsa. Ya ce, "Haba Lorna. Kin fa riga kin iso."

Na ce masa na sani.

Ya ce, "Kin san dole in fitar da ita."

"Yi aikinka, Gordon."

Ya yi aikinsa, hawaye na bin gemunsa. Mai bindiga ya sauke bakin bindigarsa. Makwarwar ta gaji da mu ta tashi da kanta ta yi gaba, babu wanda ya harba. Tilly ta zauna a hankali, ta cusa kai a hammatata, na ji kakkarwar tana raguwa har ta tsaya.

Mutane sun rabu biyu a kaina. Wasu sun rungume ni a wurin ajiye motoci. Wasu, kuma ba mugaye ba ne, sun ce da na daure na ƙarasa, in ya so bayan an ba da ƙyalle in rungume ta har gobe. Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan, ina wanke kwano ina faɗa, ina cefane ina faɗa. Kai da ba ka wasa da doka, kai ne kuma ka bar layi saboda karen wani, me za ka ce? Wani lokaci ina jin ka ce na yi daidai. Wani lokaci kallon nan naka kawai nake gani. Na san ka shekara ashirin, amma wannan amsar na kasa cinko ta, kuma tana cina.

Daga filin gwajin, gidanka na wuce. Arlene na zaune a baranda, ta dubi hannuna ta ga babu komai. Na faɗa mata duk yadda aka yi, ban rage ba. Ta ce, "Ya so kambun nan, Lorna." Na ce haka ne. Ta dubi Tilly a kwance kusa da takalminka da har yanzu ba a ɗauke ba, ta tambaye ni ko ta daina rawar jikin. Na ce ta daina. Ta ce to, ta tashi ta shiga ciki, ba ta ce in shigo ba. Washegari ɗanku Russell ya kawo mini shimfiɗar Tilly da kwanonta, ya ce mamarsa ta ce ta zauna a wurina.

Allah ya jiƙanka, Emil, ya yi maka rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta a cikin salamarsa. Alherin da ka yi wa mutane da dabbobin da ba su da bakin godiya, Allah ya sa ka tarar da shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Arlene, da Russell, da 'yarku Joanne, da jikokinku, da dukan 'yan ƙungiyarmu da za su ci gaba da tsayawa a ƙofar makiyayar nan suna jiran wanda ba zai fito ba. Allah ya ba mu haƙuri, ya sanyaya zuciyar Arlene a kan rashinka, da kuma a kaina.

Sunanka ba zai shiga jerin masu Babban Gwani ba, kuma ni na jawo. Ka yafe mini kambun. Hannun kuwa ba zan nemi gafararsa ba, domin in aka mayar da ni cikin ciyawar nan gobe, zan sake durƙusawa.