Baba Jethro, Wanda Ya Hana a Zuba Ruwa

Kullum kafin bakwai na safe Baba Jethro ya iso daga Mahuta, kuma ba ya gaisawa da kowa sai ya ɗaga kai ya duba rufin sito ko akwai yoyo. Daga nan ya bi bokitan yashi yana tura hannu. Wanda ya yi danshi a canza shi. Shekara ashirin da takwas ke nan yana kula da siton wani kamfanin sinadarai a Makera.

Abin da ke hana shi sakewa durom shida ne na silikon tetrakulorayid. A ido ruwa ne garau. Amma da ya sha iskar damina sai ya ta da farin hayaƙi, in kuwa ruwa ya taɓa shi, tururin asid yake fesowa, mai ƙona ido da huhu.

Wata Talata cikin Agusta bakin durom ɗaya ya tsage. Hayaƙi ya biyo taga, Hajiya Sadiya mai abinci ta ƙwalla ihu, "Gobara!" Kun san mutanenmu. Nan da nan unguwa ta taho da bokitai, 'yan ga-ruwa suka turo kura uku. Baba ya tare ƙofa ya ware hannuwa.

"Baba, ka haukace ne? Matsa mu kashe!" in ji Isiyaku mai walda.

"Ɗana, ba wuta ba ce! Ka watsa bokitin nan, yau asibiti ba zai ɗauke mu ba. Ku koma ta inda iska ke fitowa!"

Aka zage shi, aka ce asirin masu kamfani yake rufewa. Wani ya fizgi rigarsa har ta yage. Bai gusa ba. Sai da idanun na gaba suka fara raɗaɗi suka ja baya, sannan ya sa takunkumi ya shiga shi kaɗai da busasshen yashi don ya binne abin da ya zuba. Hajiya ta ce minti arba'in suna jiyo tarinsa. Har yau muryarsa a dishe take.

Kai ne katangar Makera, Baba. Digirina a kimiyyar sinadarai ne, kuma a gaban kowane farfesa zan faɗa: abin da muka haddace a takarda, kai ka tare shi da ƙirjinka. Mun gode.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Duroman suna nan, kuma har yanzu ba a ce ga magajinsa ba. Duk wanda za a damƙa wa makullin nan, don Allah ya je ya zauna gaban tsohon ya koya, tun hadari bai haɗo ba.