Ranar da Aka Kada Bawa a Dauran

Wata ranar Juma'a ce da kaka, shekarar da nake aji huɗu a firamare, aka kada Bawa a filin kokawa na Dauran, ina tsaye kan amalanke ina kallo. An gama girbi, dammunan gero jibge a bakin rumbuna, ni da yayana Sale muka tako tun hantsi daga Gurbin Bore, da ƙullin gyaɗa a aljihu, don kawai mu ga gwaninmu ya buga wani da ƙasa.

Bawa ɗan garinmu ne, manomi, gajere mai faɗin ƙirji, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin an ce bayansa ya taɓa ƙasa ba. A makaranta, da an kaɗa ƙararrawar tara, sai mu ruga cikin yashin bayan aji, kowa na rantsuwa shi ne Bawa, har sai an yi faɗa kafin a soma kokawar. Na ɗaura igiyar rama a damtse a madadin laya, na koyi tafiyarsa ta buɗe hannuwa kamar mai ɗauke da tulu biyu. Idan aka aike ni yankan ciyawar awaki, sai in yi dogon zagaye ta gefen gonarsa, ko zai ɗago ya ce, "Sannu, ɗan Malam." Ranar da ya ce min haka, har in kai gida ban jin nauyin ciyawar.

Abokin karawarsa a ranar wani dogon makiyayi ne daga wajen Birnin Tsaba, siriri, har muna yi masa dariya. Bayan la'asar ganguna suka ɗauka, suka sarƙe, suka daɗe suna juya juna. Can sai makiyayin ya saƙa ƙafa, ya murɗa, Bawa ya tafi da baya, tim! Ganga ta tsaya. Na tuna na duba fuskar Sale, ina jiran ya ce ba a yi daidai ba, a sake. Sai kawai ya sauko da ni daga amalanken, muka kama hanya.

Da kuka na dawo gida, na ƙi tuwo. Inna ta ajiye kwanon gabana ta ce, "Shi da ya sha kaye yana can yana cin nashi, kai ɗan kallo ka ƙi ci?"

Washegari na bi ta ƙofar gidansa, ina zaton zan tarar da zaman makoki. Sai ga shi yana ɗaura wa jaki kara, yana 'yar waƙa. Ya ga idanuna a kumbure, ya yi dariya.

"Mi kaka yi ma kuka, ɗan Malam? Wanda ba a taɓa kadawa ba, bai gamu da maza ba tukuna. Zo kama min igiyar ga."

Na kama, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na kwana da ciwon, shi ko a jikinsa. Mako guda na daina bi ta gonarsa.

Yau ina koyarwa a Kaura Namoda, da iyali. Taron kokawar kaka ya yi wuya, domin mutane ba su sakin jiki da hanya kamar dā. Wani lokaci nakan zauna gidan kallon ƙwallo, kuma ina da ƙungiyar da nake so, amma idan aka ci ta, sai in kaɗe riga in tashi, hankalina ya koma kan littattafan ɗaliban da ban duba ba. Ɗana Bashir ne yanzu yake dawowa fuska a murtuke idan an ci ƙungiyarsa, in yi ta ba shi haƙuri, alhali a zuciyata kishinsa nake yi. Na manta rabon da in so wani abu har haka. Ashe hankali ma akwai abin da yake ƙwace wa mutum.