Tukunyar Hasken Iya

Shekarar da Baba ya ɗora farantin sola a kan rufin ɗakinmu a Dudunni, ina da shekara goma sha biyu, kaina cike da littattafan soyayyar da nake ara a makwabta. Tare da farantin ya kawo akwatin batir mai ƙananan fitilu huɗu, waɗanda muke kira idanu. In ka danna maɓalli sai su nuna abin da ya rage. Nan da nan gidanmu ya koma bin umarninsu. Ido huɗu, a kunna rediyo. Ido uku, ƙwan lantarki ɗaya a tsakar gida. Ido biyu kuwa, Inna mahaifiyata ta ce komai ya tsaya sai cajin waya, don Baba yana bin motar shanu zuwa kudu, kuma ta wayar nan kaɗai muke jin yana raye.

A wata damina ya yi kwana takwas bai kira ba, tasa wayar kuma ba ta shiga. Wani ya dawo daga kasuwar Kankia da zancen wata motar shanu da ta faɗi a hanya. Ga hadari ya rufe rana kwana uku. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na saci kunna ƙwai a ɗaki don in ga ko masoyan littafina za su haɗu. Da magariba ta yi, ido ɗaya ya rage. Batirin wayarmu ta gida ya tsufa, in an zare ta daga caji mutuwa take yi.

Ba halin kunna ƙwai, sai muka koma bakin murhun Iya, kakata, mahaifiyar Baba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ko sunansa ba ta faɗi, balle ta tambayi labarinsa a gaban mutane. Inna ma ba ta ambatonsa. Tashi kawai take yi, ta shiga ɗaki, mu ji ƙarar maɓalli, ta dawo ta zauna. Kafin itace ya kama ta tashi sau biyar.

"Ke Zulai, mai idon mujiya, matso," in ji Iya. "Ga wata nan tafe, ku ba ta hanya."

"Ta shigo mu ji ta," muka amsa ni da ƙannena.

Wai wata mata ce mijinta ya yi tafiya mai nisa. Rana ta ji tausayinta, ta zuba mata haske cikin tukunya, ta ce ta rufe, kada ta buɗe sai ta ji tafiyarsa, don ya ga hanyar gida. Matar ta kasa haƙuri. Ta ɗaga murfi ta ga ko yana nan, ɗan haske ya tsere ya zama tauraro. Ta sake ɗagawa ta ga nawa ya tsere, wani ya bi shi.

"Duk taurarin nan da kuke gani, leƙenta ne," in ji Iya.

Inna ta yunƙura za ta tashi.

"Zauna mana, ɗiyar nan," Iya ta ce ba tare da ta dube ta ba. "Mi za ki gani wanda ba ki gani ba ɗazu? Riƙe mani ludayin nan."

Inna ta zauna. Iya ta ci gaba da jan labarin, ta sa matar ta zauna a kan murfin, ta sa ta kaɗi, ta sa ta waƙa, ta kawo kura, ta kore ta. Ban taɓa jin tatsuniya mai tsawon wannan ba. Ni dai addu'a nake yi a zuci, kada idon nan ya rufe saboda littafina.

Matar cikin tatsuniyar tana jin wata tafiya a bayan danga ke nan, wayar ta yi ƙara a ɗaki. Ludayi ya faɗi cikin toka. Muka jiyo Inna tana cewa, "Alhamdu lillahi, to, to." Baba ne, wayarsa ce ta faɗa ruwa, ya ari ta wani. Ta fito tana miƙa wa Iya saƙon gaisuwa.

"Na ji," in ji Iya. Ta juya baya tana gyara itacen da bai buƙaci gyara ba. "Wannan ɗanyen icce, hayaƙi gare shi."

Muka roƙe ta ƙarashen labarin. Ta ce ta manta. Har ta rasu ba ta tuna ba.

Yanzu ina aure a Kankia, kuma solarmu a waya take nuna mini komai: abin da ya shiga, abin da firji ya sha. In maigidana yana kan hanya bai kira ba, sai in tsinci kaina ina duba lambar nan kamar ita za ta faɗa mini inda yake. Da daɗewa na ɗauka da ni Iya take, ɓarauniyar haske. Daga baya na ce da Inna take. Sai da na haifi nawa ɗan fari na tuna abin da na gani a daren, ban gane ba: duk tsawon tatsuniyar, kunnen Iya ɗaya yana fuskantar ƙofar ɗakin nan. Ba ta manta ƙarshen ba. Ba ta da shi ne, sai da wayar ta yi ƙara.