Shanun Habila a Shekarar Bushiya

Habila mutumin wani ƙaramin ƙauye ne a gabashin Dayi, inda gidajen Kiristoci da na Musulmi ke haɗa iyakar gona. Yana saurayi ya faɗo daga kan rumbu wajen ɗora jinka, ƙugunsa ya goce. An yi masa ɗori, amma ƙashin bai koma daidai ba, daga nan duƙawa ta zame masa azaba. Sa'o'insa su kai ƙarshen kunya su juyo, shi yana tsakiya, dafe da baya. Da ya auri Liatu, ita ta ɗauki fiye da rabin aikin gona, kuma ba a taɓa jin ta yi masa gori ba.

Sai aka yi wasu shekaru auduga ta yi kyau a ƙasar Malumfashi. Da abin da suka tara, Habila ya sayi maruƙa biyu a wurin Sanda, wani Bafulatani da ya daɗe da zama a bayan ƙauyen, har Fulatancin ya soma kuɓuce wa 'ya'yansa. Ɗaya fari mai tsayin ƙafa, ya sa masa Dogo. Ɗayan ja, ya kira shi Jatau. Shi ya hore su da hannunsa har suka saba da karkiya. Ranar da ya fara bin garmar shanu a gonarsa, a tsaye, ba duƙawa, Liatu ta ajiye tulu a bakin gona ta yi ta kallo tana dariya.

Ba a jima ba ya zama mai huɗar da ake nema. Da saukar ruwan fari, sai ka ga mutane a ƙofar gidansa tun da sassafe, kowa na roƙon a fara da gonarsa. Huɗarsa miƙaƙƙiya ce, kuma ba ya saɓa rana. A coci aka zaɓe shi dattijo, shi ke yin sanarwa bayan sujada.

A ranin 1983 labarin bushiya ya iso, cutar da ke kwantar da garke guda cikin ɗan lokaci. Da farko a rediyo aka ji ta, can gabas. Sai aka ji an rufe kasuwannin shanu, an sa shinge a manyan hanyoyi, an hana kowa wucewa da ko ɗan maraƙi. Bayan haka ɗan aiken dagaci ya zaga da shela: kowa ya kai shanunsa wata fadama da ke arewa da ƙauyen ranar Litinin, malaman dabbobi za su zo su yi allura, wanda ya ƙi kuma ya kuka da kansa. Ranar Lahadi Habila ya miƙe a gaban jama'a ya maimaita shelar, ya ƙara da nasa: kada kowa ya bi jita-jita, a kai dabbobi.

Da la'asar Sanda ya zo, bai ko zauna ba.

"Habila, na ji abin da ka faɗa wa mutanenka. Kada ka kai bijiman nan."

"Doka ce, Sanda. Kuma ai ka tuna, muna samari an yi irin wannan allura, aka tsaga kunnuwan shanu, cutar ta ɓace."

"Wancan karon shanu lafiyarsu lau aka bi su da allura. Yanzu cutar tana cikin gari. A numfashi take, a ruwan sha take. In aka tara na kowa wuri ɗaya, mai ciwo guda ya ishe su duka. Ni daji zan shiga da nawa."

"In aka kama ka fa?"

"A kama ni da shanu ya fi a bar ni da igiyoyi."

Habila ya ce, "Ni na tsaya a gaban mutane na ce su kai. Da wane ido zan zauna a gida?"

Ranar Litinin ya kora Dogo da Jatau zuwa fadama. Bai taɓa ganin shanu da yawa haka ba: na makiyaya, na huɗa, na kiwon gida, daga ƙauyukan da bai ma san sunansu ba. Ruwa kuwa tafki ɗaya ne da rani ya rage. Aka wuni, mota ba ta zo ba. Aka ce gobe. Gobe ta yi, aka sake cewa gobe. Wasu suka so komawa gida, 'yan doka suka ce umarnin da aka ba su shi ne dabbar da ta shigo ba ta fita sai da tsagar kunne.

A nan Habila ya fara ganin abin da Sanda ya faɗa. Wata saniya kusa da shi ta tsaya kai a ƙasa, hawaye na bin fuskarta, dalala na zuba daga bakinta. Kafin rana ta faɗi ta kwanta, zawo na fita kamar an buɗe famfo. Ya ja bijimansa can gefe ƙarƙashin wata ɗorawa, ya ɗaure su. Ya aika wa Liatu, ta riƙa ɗauko ruwan rijiya daga gida a ka, tafiya mai nisa cikin zafin bazara, don kada su kusanci tafkin. Amma me tulu zai yi wa bijimai biyu? Wata tsakar rana, yana ɗan gyangyaɗi, Jatau ya tsinke igiya. Ko da ya farka ya bi shi yana ɗingishi, ya tarar da shi a tsakiyar shanu, baki cikin tafki.

Da motar ta zo daga ƙarshe, ma'aikata kaɗan ne a ciki da akwatin ƙanƙara guda. Babbansu, Malam Shitu, idanunsa sun yi jajur don gajiya. Aka kafa shingen itace, aka fara tura shanu, ana soka allura ana tsaga kunne. Layi ya rikice, masu ƙarfi suka danne, masu manyan garke suka shige gaba. Habila da ƙugunsa ba ya iya turereniya. Ana kiran azahar ya ga ma'aikatan suna wanke sirinji.

Ya kutsa ya kama hannun rigar Malam Shitu.

"Malam, don girman Allah. Biyu ne kawai. Ga su can."

"Baba, ta ƙare."

"Ko ɗaya. Ko rabi-rabi ka raba musu."

Malam Shitu ya buɗe akwatin ya nuna masa. Kwalabe ne fanko suna yawo cikin ruwan ƙanƙarar da ta narke.

"Ba mu ke yin ta ba. Abin da aka ba mu ke nan, kuma na faɗa musu ba za ta kai ko'ina ba. Ni ma ban ce a tara shanu kafin ta iso hannuna ba."

"To yanzu ina za ku?"

"Wajen Musawa, in an aiko da wata. Ka mai da su gida, ka ware su, ka yi addu'a."

Tun da allura ta ƙare, 'yan doka suka daina tsare kowa, taro ya watse. Habila bai nufi gida ba. Ya kama hanyar Musawa da bijimansa, yana jan ƙafa. A mararraba ya tarar da shinge, an gitta itace a kan ganguna. Ɗan sandan da ke wurin ya duba kunnuwansu ya girgiza kai.

"Babu tsaga, babu wucewa."

"Ranka ya daɗe, ai tsagar zan je nema."

"Na ji. Amma sai da ita ake wucewa."

Habila ya roƙa, ya cire hula, har ya durƙusa, shi da durƙuso ke yi wa wuya. Ɗan sandan ya taimaka masa ya miƙe, ya ba shi ruwa a moɗa, amma bai ɗaga itacen ba.

Bayan dawowarsu da 'yan kwanaki Jatau ya ƙi cin harawa. Hancinsa ya bushe, sai hawaye, sai gyambo a dasashi. Liatu ta dama kunu mai ruwa-ruwa tana ɗura masa da kwalba, ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta jiƙa sabara, duk abin da wani ya ce an gwada ta gwada. Dogo kuwa suka mai da shi bayan rumbu don kada ya shaƙi numfashin ɗan'uwansa.

Ana cikin haka Ɗanasabe mahauci ya leƙo. An hana yanka dabba mai ciwo, an ce a binne, amma shi yana bin gidaje a ɓoye.

"Malam Habila, ka bar ni in sa masa wuƙa tun yana da sauran nama. Ka tsira da wani abu."

"Zai tashi," in ji Habila. "Jiya ya ɗaga kai."

Jatau bai tashi ba. Da ya mutu sai ga aikin haƙa rami, ƙasa kuma ta bushe kamar dutse. A da, in abu ya sami gidan Habila, kafin ya buɗe baki an cika tsakar gidan. Wannan karon ba wanda ya zo, don kusan kowane gida da ya kai dabba fadama yana da mushensa. Liatu ta je gidan Buba maƙwabcinsu, wanda suke zama benci ɗaya da Habila a coci, ta roƙi aron diga. Ya miƙo mata ta kan danga, ya ce, "Ki gaya wa dattijo, saniyar da 'ya'yana ke shan nononta ta tafi. Shi ya ce mu kai."

Su biyu suka haƙa ramin. Ita ke sara, shi yana zaune a baki yana kwashe ƙasa da kwano.

Ba su gama share gumi ba Dogo ya fara hawaye. Wannan karon Habila da ƙafarsa ya je neman Ɗanasabe, ya same shi zaune a rumfarsa, ƙudaje na bin teburi.

"Zo ka yanka. Duk abin da ka bayar na karɓa."

"Wa zan sayar wa? Nama ya yi yawa, mutane sun tsorata da shi. Na jiya ma karnuka na zuba wa."

Ya dawo ya zauna kusa da Dogo, yana kore masa ƙuda da reshen dalbejiya, har numfashin ya tsaya. Liatu ta ce ba ta taɓa ganin kukan Habila ba sai ran nan. Ta koma ta ɗauko digar.

Ruwan fari ya sauka, ƙofar gidan shiru. Habila ya ɗauki fartanya ya koma gona. Da duƙawa ta gagara sai ya riƙa noma a kan gwiwoyinsa, yana ja da rarrafe, Liatu na gaba. Ko sulusin gonar ba su iya nomewa ba, damina kuma ta zo da ƙarancin ruwa, dawar ta tsaya iya ƙugu.

Da tsakiyar damina aka sake shela: allura ta samu a wadace, kuma wannan karon ƙauye-ƙauye za a bi, ba sai an tara shanu ba. Aka kawo saƙon coci don a sanar. Habila ya ce a ba wani. Daga ranar ya ajiye dattijantaka, ya koma bencin baya.

Sanda ya dawo da kaka. Shi ma cutar ta cim masa a wani mashayi cikin daji, abin da ya koro gida bai kai a kira shi garke ba. Suka haɗu a hanya, suka gaisa, suka tsaya. Babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa komai game da maganarsu ta ranar Lahadin nan.

Hatsin shekarar bai kai su bazara ba. Wani ɗan'uwan Liatu ya samo wa Habila gadi a wani sito na hatsi a Funtua, aikin da ake yi a zaune. Ya tafi da tabarma da bargo, ita ta tsaya ta riƙe gonar da yaransu. Yakan zo gida lokaci-lokaci a bayan motar kaya. A hankali mutane suka koma gaishe shi kamar da, wasu har da zuwa yi masa sannu da hanya. Buba dai sai ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. A wannan gadin Habila ya tsufa, bai sake mallakar bijimi ba.