Malam Isiyaku, Mai Tsince Tsutsar Gawa

Ina tashar Roni bayan la'asar ina jiran mota, sai wayar Hajiya Binta ta shigo. Ta ce, "Sabo, malaminka ya rasu." Na yi salati, na nemi benci na zauna. Ban yi mamaki ba. Wata bakwai ke nan ciwon ƙoda yana cin mijinta. Mun gaji da zaryar asibiti, shi ma ya gaji.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aiki a ƙarƙashinsa a ɗakin gwaji. Malam Isiyaku masanin ƙwari ne, amma a Kazaure "mai tsutsa" ake ce masa a bayan idonsa, har wasu ba sa son haɗa kwano da shi. Idan aka tsinci gawa a daji ta lalace, likita ya rasa jinin da zai auna, shi hukuma ke nema. Sai ya tsince tsutsotsin da ke jikinta mu auna su, domin duk abin da mamaci ya sha, guba ko ƙwaya, yana shiga cikin tsutsar da ta ci namansa. Yakan ce, "Ƙuda ya riga kowa isa wurin, kuma ba shi da ɗan'uwa a cikin shari'ar."

Wata damina aka kira mu wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. An sami gawar wani manomi a cikin gero bayan kwana biyar, an kuma kama wansa Habu, wai ya sa masa maganin feshi a fura saboda rigimar iyakar gona. Kafin Malam ya taɓa komai sai da ya tsuguna ya yi wa mamacin addu'a. Ni kuwa amai ya kama ni. Ya ce, "Je ka sha iska, Sabo. Ni ma har yau ban saba ba."

Na'urarmu ta lalace a lokacin, sai aka tura kwalaben tsutsotsin zuwa wani gari. Wata huɗu muna jira, Habu yana gidan yari. Sau uku Malam ya hau mota ya bi sawu. Da sakamako ya zo, babu maganin feshi. Ƙwayar da wasu ke sha don ƙarfin noma ce, mamacin ya sha ta wuce kima. Aka saki Habu.

Mahaifinsu ya tare mu a ƙofar kotu ya ce, "Malam, ka fito min da ɗa ɗaya, ka tona asirin ɗaya."

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mai rai na duba."

Ɗalibansa sun watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nemi aikin da ba ya wari. Bai taɓa zarginsu ba. Ranar da na gaishe shi na ƙarshe, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Kwalaben nan na shari'ar Babura, kada ka bari su yi ta zama. Akwai matar da ke tsare tana jiransu." Suna nan a kan teburinsa, kuma ni kaɗai na rage.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya hutar da shi a kabarinsa. Allah Ya ba Hajiya Binta da yaran haƙuri, Ya tsaya musu. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin buɗe ɗakin nan ranar Litinin. Amin.