Garin da Ba Ya Cikin Taswira

Duk wanda ya san unguwar Hadayek el-Maadi ta Alƙahira ya san Ya'ƙub mai guga, ko da ta kunne ne. Shagonsa bai fi ɗakin girki ba, amma daga bakin titi za ka ji shi yana waƙa: ya buga dutsen guga tim, ya yi shiru, ya sake bugawa. Waƙar guda ce, kuma ya kusa shekara sittin bai gaji da ita ba.

A Sudan aka haife shi, a wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi. Kakarsa Usaina ce ta raine shi. Tana yarinya aka baro Yamma da ita a ƙafa za a tafi Makka, tafiyar ta tsaya a hanya. Kullum in tana daka sai ta rera, "Lugude ya yi nisa, Hassana," ta ɗan dakata, ta ci gaba. Hausar Ya'ƙub rabinta Larabci ne, don haka tun yana yaro ya yanke wa kansa cewa Lugude sunan garinsu ne. Da yaƙi ya koro shi Alƙahira, da wannan sunan ya zo, yana burin wata rana ya taka garin. Ya sa an duba masa a waya, babu. Ya ce ai masu taswira ne ragwaye.

A saman shagon akwai wani ɗan situdiyo da aka lulluɓe bangonsa da soso. Wasu samarin Misira huɗu, masu kaɗa jita da ganga, suna haɗa faifansu na farko da kuɗin aljihunsu. Mawaƙiyarsu, Eman, ta sauko da riga a hannu don a goge mata, ta ji waƙar, ta manta da rigar. Ta kira shi Am, wato kawu.

"Am Ya'ƙub, me ya sa kake tsayawa a tsakiyar waƙar? Mai gangarmu ya rasa inda zai sa hannu."

"Haka na same ta," in ji shi.

Suka roƙe shi ya rera a faifan, har suka ce sunan garin za su sa masa. Ya'ƙub ya ji daɗi, ya kuma ji tsoro. In duniya ta tambaye shi ina Lugude yake, me zai ce?

Ranar Juma'a ya hau mota zuwa Hay el-Sabi', inda ɗalibai 'yan Najeriya suke. Samarin da ya tambaya suka yi ta lissafa garuruwa, babu wanda ya dace. Sai suka haɗa shi da Mardiya, wata ɗaliba Bakatsiniya. Ya rera mata. Dariya ta taso mata, ta ga fuskarsa, ta haɗiye.

"Baba, ma'alish, yi haƙuri, lugude ba gari ba ne. Daka ce ta mata biyu a turmi ɗaya. Wannan ta buga, wannan ta buga."

Ya'ƙub ya zauna a kan matakala. Ransa ya ɓaci sosai, don garin da ya yi wa masallaci da kasuwa a cikin kansa ya rushe a tsaye. Har ya miƙe zai tafi, sai son sani ya riƙe shi.

"To 'yata, shirun fa? Me ya sa take tsayawa?"

"Ai wurin taɓarya ta biyu ne, Baba. Wace ce Hassana?"

Bai taɓa tambaya ba. Usaina, Hassana. Sai a lokacin ya gane cewa kakarsa da Hassana 'yan biyu ne, kuma ita kaɗai aka taho da ita.

Ranar ɗaukar waƙar Mardiya ta zo da turmi da taɓarya biyu na aro. Eman ta kafa makirfo, ta ce, "Yalla, a fara." Ya'ƙub, namiji da furfura, ya kama taɓarya babu kunya. Ya buga, ya rera sunan Hassana, ya tsaya inda kakarsa take tsayawa.

Tim, taɓaryar Mardiya ta amsa.

Sai da aka sake ɗauka, don ya kasa fitar da baiti na gaba.