Doyar Baba Shaba

Har gobe ban manta da ranar da na kafa turakun hanya a tsakiyar gonar surukina ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina mai riƙe sandar awo a wani kamfanin da ke fitar da hanya wajen Paiko. Ku yaran yanzu ba ku san girman muƙamin ba: safiyo, wato babban mai awon, yana leƙen na'urarsa a inuwar lema, ni ina tsaye a rana kamar wanda aka yi wa horo.

Layin farko ya bi ta kan doyar Baba Shaba, uban matata. Ya zo ya tarar da guduma a hannuna. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata. Matata kuma ta fara ninke kayanta a hankali, a inda zan gani.

A lokacin an kawo kwamfuta ofishinmu na Minna. Ɗaki aka ware mata mai sanyi, ana lulluɓe ta da mayafi, ba a shiga da takalmi. Aikinta shi ne ta haɗiye awon da muka kwaso, ta zana ƙasar da tudunta da kwarinta, ta nuna inda za a yanka da inda za a cike.

Injiniya ya duba zanen ya ce, "Garba, wannan kwarin na wa ne?"

Na ce, "Oga, na aurena ne."

Ashe gonar a gangare take, duk ruwan damina can yake taruwa. Cikonta zai ci marmara ba iyaka, ga kwalbati. Aka mayar da layin kan tudu. Ni na tumɓuke turakun, da ƙarfi, don a ji a gari.

Da sabuwar doya ta fito, sai ga Baba a ofis da manya-manya guda uku. Na miƙa hannu, ya wuce ni. Ya tuɓe takalmi, ya shiga ɗakin kwamfutar, ya daɗe yana kallon gonarsa a gilashinta.

Ya ce, "Wannan ba ta taɓa cin tuwon gidana ba, amma ta fi wani sanin ya kamata." Ya dire doyar a gabanta.

Da zai fita ya dube ni. "Garba, ina gajiya?"

Abin da na koya ke nan: a aikin hanya, mai sanda ke shan rana, na cikin sanyi ke karɓar doya. Amma tun da kwamfutar ba ta da baki, ranar a gidana aka yi sakwara, kuma matata ce ta daka.